Harsashin Ɓauna

Longsight, Manchester

Yaya Iro,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba? Ina fatan Inna da Raki da yara suna lafiya. Ni lafiya lau nake.

Na ga saƙonka, wai in aiko maka da harsashi saboda ɓaunar da ke cinye maka masara. Ranar Asabar na je wani shagon bindigogi a Birmingham, na nuna wa dattijon shagon hoton bindigarka. Ya ce, "Wannan ta harbin tsuntsu ce. Ɓauna sai babbar bindiga, wato raifal, da harsashi mai nauyi da ke ratsa ƙashi. Wannan fusata ta kawai za ta yi."

Sai ya nemi lasisina, ni kuwa ba ni da shi. Shekaranjiya 'yan sanda biyu suka zo har ɗakina da tambayoyi. Sun tafi, ba komai, amma kada Inna ta ji.

Ba zan aiko da komai ba. Ka kai kukanka wurin ma'aikatan gandun daji. Don Allah, Yaya, kada ka bi ɓaunar nan. Da wannan bindigar Baba ya bi tasa ɓaunar, kuma kai ka goyo shi gida.

Allah ya tsare mana kai.

Ƙaninka,
Sanda