Man Shanun Inna

Abuja, 9 ga Maris, 1974

Zuwa ga Yayana Hammawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Adda da yara, Ya kuma kare ku daga sharrin zaman Ikko. Mu nan sai godiya. Ina nan ina koyarwa a makarantarmu, ranar Asabar kuma in hau keke in tafi ruga wajen Kubwa in duba su Inna. Shanu sun ɗan rame saboda rani, amma ba wadda ta faɗi. Ƙanwarmu Lantana ta haihu, an sami mace, ita da jaririyar duk lafiya.

Yaya, na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mahaifinmu Baffa ba shi da lafiya. Bayan Babbar Salla yana dawowa daga masallaci ƙirjinsa ya riƙe, ya durƙusa a bakin shinge yana gumi. Ni da Inna muka kai shi asibiti a Kaduna. Likitan Ba'indiye ne, ya ɗebi jininsa ya auna, ya ce wani abu mai maiƙo da suke kira kolestarol ya yi yawa a jikinsa, yana taruwa a hanyoyin jini yana toshe su, har zuciya ta rasa isasshen jini. Ya ba da ƙwayoyi, amma ya ce babban maganin yana cikin akushi. Lokacin da yake wannan bayani na abinci ni ina layin karɓar magani, wannan kuwa har yau ina jin ciwonsa. Wani malamin asibiti mai suna Jacob, Bagware ne daga wajen Durumi, mutumin kirki ƙwarai, shi ya yi wa Inna tafinta. Da Hausarsa ya ce mata, “Baba kada ta ci kitse.” Inna ta riƙe wannan kalma kamar aya.

Ka san Inna in ta riƙe abu. Muna komawa gida ta hana Baffa tozo, ta hana shi ɓargo da kayan ciki. In an yi yanka sai ta zauna da wuƙa ta bi tsoka tana cire ɗan farin da ke jiki, ko ƙwayar gero bai kai ba. Ni kuma na saki jiki, ina cewa ai an gama. Abin da ban lura ba shi ne, a Turanci kalma ɗaya likita ya faɗa, wadda ta haɗa kitse da mai duka. A wurin Inna kuwa kitse na jikin dabba ne, man shanu kuma albarkar nono ce, me ya haɗa su? Da ta ga Baffa ya ɗan faɗa, sai tausayi ya kama ta, ta ninka masa man. Curi guda a kan tuwon safe, wani a na rana, ga kindirmo a fura. Man da take kaiwa kasuwar Zuba ma ta daina kaiwa, duk ta tara wa mara lafiya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wata guda ana haka, ciwon ya sake bugun sa, wannan karon ya fi na farko, kwana tara muka yi a asibiti. Da likita ya tambayi abin da yake ci, na lissafa masa, sai ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da ake kira malam. Ya ce zuciyar ba lalle ta ɗauki na uku ba. Na sa ya maimaita komai, na rubuta da hannuna. Man shanu babu, kindirmo babu, sai tsala wanda aka cire wa mai. Ƙwai da kayan ciki babu. Ya ci tuwon dawa ko acca da miyar kuɓewa, ko zogale, ko rama, da ɗan man gyaɗa kaɗan, ya yawaita wake da kifi, ya rage gishiri, ya riƙa ɗan tattaki da safe ba tare da ya wahalar da kansa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro, Yaya, shi ne Baffa ya hana ni gaya wa Inna. Ya ce in ta ji cewa hannunta ne ya kwantar da shi, ba za ta yafe wa kanta ba, kuma shi bai taɓa mayar mata da akushi da saura ba, ba zai fara da tsufansa ba. Ka san Baffa da kunya da taurin kai, in suka haɗu sai Allah. Mako guda na yi masa biyayya. Ranar Asabar da na je, na zauna ina kallo ta buɗe akushi, man yana narkewa yana gangarowa gefen tuwo, ya yi bismilla ya cinye tas yana sa mata albarka. Na ga cewa in na ci gaba da yin shiru, da ni za a haɗu a kashe shi.

Washegari da hantsi na same ta a gindin ɗorawa tana kaɗa nono. Na durƙusa na gaya mata komai, na ce laifin nawa ne da ban tsaya na ji bayanin likita ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye gorar a hankali, ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, “Shekara arba'in da ɗaya ina ba shi abin da ya fi komai kyau a ƙwaryata. Yanzu in na hana shi wannan, me zan ba shi, Maude?” Wallahi ni ne na yi kukan.

Tun ranar ko ɗigo bai sake shiga akushinsa ba. Ta je wurin Magdalene, maƙwabciyarmu Bagwariya, ta koyi yadda suke miyar ganye da busasshen kifi, ita da a da ko warin kifi ba ta so. Baffa ya yi fushi da ni kwana uku, yanzu ya huce. Yana ci, yana tattaki har bakin rafi, kumburin da ƙafarsa ta yi ya ragu. Amma ba zan ruɗe ka ba, yana gajiya da wuri, kuma sau biyu ya tambaye ni ko ka ce yaushe za ka zo. Ka nemi izini wurin aiki ka taho kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. Kai ma ka rage suyar nan da kake so, don likita ya ce abin yana bin jini.

Ka gaishe da Adda, da Yamusa, da ƙaramar Azumi, da Kawu Buba in kuna haɗuwa. Lantana da mijinta suna gaishe ku, Baffa yana sa muku albarka. Inna, ka san ba ta kama sunanka, ta ce in gaya wa wancan na Ikko ya yi sauri. Har yanzu kullum da safe sai ta kaɗa nono ta cure mai, ta rufe da faifai, ta rasa wanda za ta zuba wa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙaninka,
Maude