Sunaye Sha Tara, Fuskoki Ashirin

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaiki, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa takardar kammala karatuna na koyarwa ta fito wata huɗu bayan rasuwarki. An tura ni makarantarki ta kan hanyar Diggi, aka ba ni aji shida, wato yaran da kika bari a aji biyar. Kullum daga Kalgo nake zuwa. Na san wasu za su karanta wannan wasiƙa, shi ya sa na sauya sunaye, ban kuma ambaci sunan makarantar ba. Sauran duk yadda ya faru na rubuta shi.

Makarantar tana nan yadda kika bar ta, ɗaki uku, aji bibbiyu a kowane ɗaki. 'Ya'yan manoma sun fi yawa, kuma sukan ɓace lokacin shuka da yankan shinkafa. 'Ya'yan masunta sai ruwa ya janye a fadama ake rasa su. Ga kuma 'ya'yan ruga, masu shigowa aji ɗaya babu Hausa sai Fillanci. Duk wannan na san shi, kin sha ba mu labari idan mun je Gwandu hutu. Abu ɗaya ne ba ki taɓa faɗa mini ba.

Rajistar ajina sunaye sha tara ke ciki. Kin san halina, ba na yarda da abu sai na ƙirga da kaina. Cikin mako biyu na ƙirga fuskoki ashirin. Na ɗauka ni ce na rikice. Har zana ajin na yi a takarda, kowa da mazauninsa.

A makon farko, idan na kira Sambo Buba, wani dogon yaro mai tabo a gira ke amsawa. Lissafi ba ya yi masa wuya, amma karatu sai yana bin layi da yatsa. A mako na biyu na kira sunan, wani gajere mai wushirya ya miƙe. Ko yaro ɗaya bai waiwaya ba. Shi wannan yana karanta Hausa da Turanci tiryan-tiryan, amma lissafin rabawa ya gagare shi.

Da na kai wa hedimasta maganar, dariya ya yi. Ya ce ai Yero ne, ƙanen Sambo, yana mamakin ba ki gaya mini ba. Shekara huɗu da suka wuce, in ji shi, mahaifinsu ya ce ba zai iya ba da yara biyu ba, dole ɗaya ya tsaya bayan shanu. Ke kuma kika ce ya ba ki kujera ɗaya. Suna ɗaya aka rubuta, su kuma suna karɓa-karɓa mako-mako. Duk ƙauyen sun sani, har mai sayar da ƙosai a bakin makaranta.

Har nan ban damu sosai ba. Sai da na buɗe sakamakon jarrabawa. Shekara uku a jere Sambo Buba ne na ɗaya. Sunansa na manne a bangon ofis, shi ake nuna wa baƙi. Na ɗauko tsofaffin jadawalin jarrabawa da kika rubuta da hannunki, na gwada su da makonnin yaran. Kowane zango lissafi yana faɗawa makon Sambo, Hausa da Turanci a makon Yero. Sau uku na sake dubawa ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Inna, ban san yadda zan fahimci wannan ba.

Ke ce fa kika yaga shafin littafina ina aji huɗu, ranar da Yaya ya yi mini aikin gida. Kika ce, "Wanda ya yi aikin shi ke da makin." Ban manta ba. Amma na kuma tuna wata rana kina gardama da Baba kan wani ɗalibi, kika ce masa, "Malam, rajista ba ta kiwon shanu." Lokacin dariya kawai na yi. Yanzu maganganun nan biyu suna kaina, kowace da muryarki, na rasa wadda zan bi.

Akwai kuma Hassi, ɗiyar wani masunci, wadda ke zuwa ta biyu duk shekarun nan. Na tambaye ta ko abin na damunta. Ta ce a'a, amma idan aka ba ta su ɗai-ɗai, ta san za ta wuce kowannensu. Gaskiya ta faɗa. A cikin jakarki na sami ƙaramin littafin nan naki mai jan bango. Ƙarƙashin sunan Sambo Buba kin ja layi biyu, kowane yaro da ainihin makinsa a duk darasi. Na tara. Hassi ce a gaba. Ke nan kin sani, kin ma rubuta. To don me kika haɗa su a sakamako? Don Buba ya riƙa ganin "na ɗaya" ya ci gaba da turo su? Don makaranta ta samu abin nunawa? Ko kin yi niyyar gyarawa a aji shida, Allah bai nufa ba? Littafin bai faɗa ba.

Da zan iya yin shiru, da na yi. Amma fom ɗin jarrabawar shiga sakandare ya zo, kuma suna ɗaya yake karɓa, da hoto ɗaya.

Na je rugar bayan la'asar. Buba ya sa aka kawo mini nono, ya yi miki addu'a mai tsawo. Da na gama bayani ya ce, "Malama kujera ɗaya ta roƙa, na ba ta. Ke biyu kike so. Shanun fa?" Ya ce in zaɓi wanda na ga ya fi. Yaran na tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. Na kasa zaɓa. Ina ta maimaita maki kamar mai karanta sanarwa, har ya gaji ya ce ranar jarrabawa kaɗai, shi da kansa zai fita da shanun. Bayan nan bai yi alkawarin komai ba.

Hedimasta ya gargaɗe ni cewa sabon suna a aji shida zai jawo tambayoyi, sakamakon makaranta kuma zai sauka. Duk da haka ya miƙo mini fom na biyu, ya ce ni zan sa hannu. Na sa.

Jiya Litinin makon Yero ne. Na kira Sambo Buba, Yero ya miƙe, na ce ya zauna. Na kira sauran har ƙarshe, sannan na kira Yero Buba. Ya tsaya yana kallona, sai da Hassi ta zungure shi ya amsa. Da aka tashi tara ya zo ya leƙa rajista, ya tambaye ni me na rubuta gaban sunan yayansa. Na ce na rubuta bai zo ba. Ya ce ai Sambo bai taɓa fashi ba. Na duba baya, haka ne, shekara huɗu babu fashi ko ɗaya. Ni ce na fara sa masa.

Innata, na raba ɗalibinki mafi ƙoƙari gida biyu, kuma ban sani ba ko ɗaya daga cikinsu zai ci jarrabawar shi kaɗai. Idan aikinki na rushe, ki yafe mini. Idan kuwa abin da kika bar mini ke nan in ƙarasa, to na fara.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da alheri kan kowane yaro da kika zaunar a aji, wanda aka rubuta da wanda ba a rubuta ba. Ya ba Sambo da Yero da Hassi sa'a, kowa da sunansa.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza