Sunan da Baba Ya Sassaƙa a Dutse

Zuwa ga ƙanena Radosh,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yelka da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a can Ostireliya. Mu nan Zhablak kalau muke, dankali ya yi kyau bana, Mama kuma ƙafar ce dai kamar kullum.

Ka san marigayi Baba ya yi shekara hamsin yana gaya wa Mama cewa tun yana saurayi ya sassaƙa sunanta a wani dutse, can saman tsaunin Durmitor. Da likita ya sa ranar yi mata aikin gwiwa, sai ta ce ba mai taɓa ta da wuƙa sai ta ga dutsen nan. Ranar Lahadi mijina Milutin ya fito da tsohuwar motarsa. Duk kwanar da ya sha, Mama sai ta leƙa kwazazzabo ta ce masa ko jaki ya fi shi sanin hanya. Ya ce to Mama ki karɓi tuƙin mana, ta ce da ta iya da tuni mun dawo.

Inda kwalta ta ƙare muka taka da ƙafa. Awa biyu muna hawa, tana dogara sanda, ta ƙi a riƙe ta. Milutin ne ma ya riƙa zama yana haki, wai yana kallon tafki. Ni na fara ganin dutsen. Ga sunan Baba, Vukashin, raɗau, ga hoton zuciya, a ƙasa kuma an rubuta Zorka. Eh, Zorka dai maƙwabciyarmu, aminiyar Mama. Na tsaya na kare rubutun da bayana, ta sa sanda ta ture ni. Ta karanta sau biyu, ta zauna ta cinye burodi da cukun da muka kawo na mutum uku.

Da muka dawo kai tsaye gidan Zorka ta wuce. Zorka ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai ita ce ta ƙi shi saboda kunnuwansa, ta tura shi wajen Mama. Mama ta ce ashe ragowa aka ba ta. Sun sha kofi tare, sun shirya, amma Baba bai tsira ba. Jiya ta je wajen limamin coci ta ce ita kam ba za a binne ta kusa da maƙaryaci ba.

Don Allah ka kira ta, kai take jin maganarka. Ni na yi iyakar ƙoƙarina, abin da na samu kawai shi ne ta yarda a kwantar da ita kusa da shi, amma a juya masa baya.

Ka gaida Yelka, da Novak, da 'yar auta Tiyana. Milutin yana gaishe ku daga kan gado, cinyoyinsa sun ƙi motsi.

Yayarka,
Desanka