Jakar da Baba Ke Ɓoyewa

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Baba, yaya ƙoƙari? Ki gaishe da Inna da yara. Ni lafiyata lau, barci ne kawai ya ɗan yi wuya tun da kika ce zazzaɓinsa ya dawo karo na uku.

Kin ce in aiko da robar fitsarin da muke ƙerawa. Yaya, ba zan iya ba. Shekara huɗu muna shafa mata sinadari don ƙwayoyin cuta su kasa maƙalewa, amma a gwajin makon jiya kwana tara kacal suka yi suka rufe ta. Ba a taɓa sa wa mutum ita ba, kuma ba zan fara da mahaifinmu ba.

Hoton 'yan dubiya da kika turo ya tsaya mini a rai. Baba ya ɗora jakar fitsarin a kan cikinsa, ya rufe da bargo don kada a gani. In jakar ta fi mararsa tudu, fitsarin komawa ciki yake yi, har da cutar. A rataye ta a gefen gado, a lulluɓe da zane, ko wa ya shigo.

Jiya na kira shi don in faɗa masa. Ya ce, "Injiniya, yaushe za ka dawo?" Muka yi hirar ruwan sama, na ajiye waya. Kullum ina bayanin mafitsara gaban likitoci, amma gaban Baba bakina ya yi nauyi. Don Allah ki faɗa masa. Ki ce likita ne ya ce.

Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.

Ƙaninki