Lemon Tsamin Ata Ya Koma Ɗakin Sanyi

Narin,
12 ga watan Yuni.

Zuwa ga ƙanena Esentur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Aizirek da ɗanmu Nurel, wanda na ji an ce ya yi famfara ya koma kamar ɗan tsoho. Allah ya raya mana shi, ya ƙara maka ƙarfin aikin da kake yi a can Koriya, ya tsare ka daga sharrin inji da na mutum. Mu a nan sai godiya. Ƙanƙara ta janye ta koma kan duwatsu, maigidana Kubat ya hau tudu kiwo da goɗiyoyinsa, ya bar ni da iyayenmu biyu, Ata da Apa, da kaji goma sha ɗaya. Na zaɓi in rubuto maka da hannu in ba mai tafiya ne saboda na gaji da wayar nan. Da ka kira, Apa ce ke warcewa, ta ce maka kowa lafiya lau, ta tambaye ka ko kana sa hula, shi ke nan an gama. Wata takwas ke nan tana ce maka lafiya lau. To yau ka zauna ka ji daga bakin yayarka abin da ke cikin lafiya lau ɗin.

Magana ce a kan abokin tagwaicinka. Kada ka ɓata fuska, ka san haka duk gidan nan ke kiran bishiyar lemon tsamin Ata. Ina da shekara tara a lokacin, kuma ina tune sarai: ranar da aka dawo da Apa daga asibiti rungume da kai, ranar Ata ya iso da babbar motarsa daga kudu, ya buɗe kwat ɗinsa ya fito da wani ɗan dashe mai ganye huɗu da ya ɓoye a ƙirjinsa don kada sanyin hanyar duwatsu ya taɓa shi. Apa ta ce wai ta yi naƙuda shi ma ya yi, amma jaririnsa ya fi nata gata. Shekara talatin da ɗaya ke nan bishiyar tana cikin tukunyarta a ɗan ɗakin nan mai taga ta kudu, wanda ba a hura masa wuta. Ka tuna kofin ruwan da Ata ke ajiyewa a bakin taga? In ya ga saman ruwan ya fara kamawa sai ya buɗe ƙofa kamar taƙi ɗaya ɗumi ya shiga, in ya narke ya rufe. Ruwan da yake ba ta kuwa dusar ƙanƙara ce da yake narkarwa a bokiti, ya kurɓa a baki ya fesa wa ganye. Shekara talatin da ɗaya kuma Apa tana mita, wai wane irin mai masauki ne zai kawo baƙo daga ƙasar zafi ya kulle shi a ɗakin da ko kare ba zai kwana ba. Shi dai sai ya shafa gashin bakinsa ya wuce.

Ka san a watan Oktoba ne ciwon ya kayar da Ata, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da muka dawo da shi gida muka shimfiɗa masa a babban ɗaki, a wurin manyan baƙi nesa da ƙofa. Washegari Apa ta ɗaura ɗankwali ta ce yau baƙo zai fita daga kurkuku. Ta sa ni da Kubat muka ciccibo tukunyar, muka dire ta dab da murhu, inda ake zaunar da duk wanda ake ƙauna a gidan nan. Ba zan ɗora mata laifin ita kaɗai ba, wallahi ni ma na ga ta yi daidai. Na ce ga Ata kwance, ga bishiyarsa a gabansa yana kallo, ga ɗumi, me ya fi wannan? Kai kuma, malam mai tausayi, sai ga saƙonka ya iso: hita sabuwa fil ta lantarki, da gargaɗin kada a bar ɗan'uwanka ya ji sanyi. Muka kunna ta ta ɗaya gefen. Sannan ka san Apa da farin abu, ba ta yarda a zubar da madara a ƙasa ko da ɗigo ne. Duk shayin da ya yi saura a kofuna, da madararsa da gishirinsa, sai ta juye wa bishiyar a gindi tana cewa sha, ɗan baƙo, an daɗe ana cutarka.

Kafin wata guda ganye ya fara naɗewa. Sai ya fara zuba, kore shar, ba tare da ya yi ja ba, kullum da safe in share kusan tafi guda. Ata kuwa da ya buɗe ido sai ya kama wani gunji, yana dukan tabarmar ulu da hannun hagu yana nuna bishiyar. Apa ta ce ai kun gani, cewa yake sanyi take ji, a ƙara kwal. Muka ƙara. Ya ƙara gunji, ta ce ƙishi take ji, ta ƙara shayi. Esen, duk ranar da na tuna wannan sai in ji kamar in nutse don kunya. Mutum yana kwance yana kallo muna kashe masa abin da ya raina shekara talatin, muna yi muna masa murmushi, muna ce masa kada ya damu muna kula da ita. Da watan Disamba ya raba, saura ganye tara. Ranar nan Ata ya juya fuskarsa ga bango, ya daina gunjin, ya kuma daina cin abinci. In kawo romo ya datse baki, Apa ta kawo gurasa da man shanu ya rufe ido. Likita ya zo ya duba ya ce jikin bai ƙara lalacewa ba, mai jikin ne ya saki. Apa kuma ta shiga wani tsoron na daban, wai in bishiyar ta mutu wani abu zai same ka a can. Shi ya sa ka ga a lokacin tana kiranka sau uku a rana tana tambayar hula.

Abin ya warware ne ranar wata Talata da hantsi, cikin watan Janairu. Na je kasuwa sayo gari, Apa tana can wajen kaji. Ina shigowa na ji ihunta, na yar da buhun a bakin ƙofa na ruga. Ga Ata a ƙasa, ya bar shimfiɗarsa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Apa tana salati tana cewa ya faɗi, in zo mu ɗaga shi. Na durƙusa zan kama shi, ya bangaje ni da gwiwar hannu, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Sai a lokacin na lura. Ba faɗuwa ya yi ba. Jan jiki ya yi tun daga shimfiɗa har murhu, ya jingina bayansa da bango, ya sa ƙafar hagu yana tura tukunyar. Ga sawunta nan a kan katako, ta yi tafiyar kamu biyu, kuma ba ko'ina ta nufa ba sai ƙofar ɗan ɗakinta. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya sake dubana, hawaye na bin gefen fuskar da ba ta motsi. Na ce masa Ata, can kake so a mayar da ita? Ya lumshe ido ya sauke wani numfashi da har yau ina jin sa a kunnena.

Kada ka ɗauka Apa ta sallama nan take. Ta tsaya a bakin ƙofar ta ware hannuwa, wai sai dai a bi ta kanta, wai ni na haukace, tsoho ciwo ya taɓa masa kai ni kuma ina biye masa, za mu ƙarasa bishiya marar lafiya da sanyin da ke fasa dutse. Ni kuma ka san bakina. Na ce mata shekara talatin yana cutar da ita tana ba mu lemo, mu wata uku muna tausayinta ta koma tsintsiya, sai ta zaɓa. Ban taɓa yi mata magana haka ba, na kuma roƙi gafararta daga baya. Ta dubi Ata a ƙasa, sai ta kauce ta ce a yi yadda ya ce, ai dama bai taɓa jin maganarta ba ko da yana da baki. Muka ja tukunyar ni da ita. Da na tona saman ƙasar, wani tsamin ruɓaɓɓiyar madara ya bugo ni har na kau da kai, ga farin gishiri ya kama bakin tukunyar. Na kwashe abin da zai kwasu, na zuba sabuwar ƙasa, na yi ta ɗauraye ta da ruwan dusar ƙanƙara. Ata ya sa muka ɗora shi a kujera muka kai shi. Ya sa farcen babban yatsa ya ɗan kankare bawon reshe. Reshen sama busasshe ne. Ya sauko ƙasa ya sake kankarewa, sai ga kore. A ranar ya sha rabin kwanon romo.

Daga nan sai jira. Ganyen nan tara ma suka zube, ta tsaya tsirara wata biyu cur. Kullum da hantsi in tura kujerarsa ɗakin, in lulluɓe shi da mayafi biyu, ya zauna yana gadin kofin ruwansa a bakin taga, in buɗe ƙofa ko in rufe gwargwadon yadda ya ɗaga gira. Ana saura kwana huɗu bikin Noruz na sabuwar shekara, cikin Maris, ya ja hannun rigata ya nuna mini wani ɗan tsiro ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Cikin Afrilu ta yi ganye, cikin Mayu ta yi fure, ƙamshi ya cika gidan. Sai ya fara nuna burushin askinsa. Wannan karon ba mu yi gaggawar fassara ba, muka miƙa masa muka tsaya kallo. Ashe da shi yake shafa furannin ɗaya bayan ɗaya, tunda babu ƙudan zuma a cikin ɗaki, kuma duk shekarun nan ba wanda ya taɓa lura a cikinmu. Hannun hagun yana rawa, yana kakkaɓe fure. Ka san wa ya riƙe masa? Apa. Ta sa kwat a cikin gida, ta ja kujera kusa da shi, ta kama wuyan hannunsa tana kai shi daga fure zuwa fure, tana mita wai da tsufanta an mayar da ita ƙudan zuma. Hitar taka kuwa tana nan ƙarƙashin kujerar Apa tana ɗumama mata ƙafa, ta ce in gode maka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan karin kumallo, Apa ta tattara kofuna, hannu ya saba, ta nufi bishiyar da sauran shayi ba tare da ta sani ba. Ina wanke-wanke na ji murya daga ɗakin, a shaƙe amma sarai: "Kul!" Kofin ya suɓuce ya fashe. Na shigo na tarar da Apa zaune a ƙasa tana kuka tana dariya, wai wata takwas tana roƙon Allah ya buɗe bakin mutumin nan, da ya tashi buɗewa sai da tsawa, ko sunanta bai fara kira ba. Shi kuma gefen bakinsa mai motsi ya ɗage, gashin baki na rawa. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar nan ba, ƙanena, na yi ta kuka kamar yarinya.

Bishiyar ta kama 'ya'ya uku kacal bana, kowanne kamar ƙwayar wake. Shekaranjiya Ata ya zaro jan zare daga gefen mayafinsa, ya yi ta fama da hannu ɗaya da haƙori har ya ɗaura shi a reshen da ke ɗauke da mafi girma. Ya dube mu ya ce "Esen." Kalmarsa ta biyu ke nan. Apa ta tambaye shi ko a aika maka in ya nuna, ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna ƙasan ɗakin da yatsa. Ka gane ai. Ba zan ɓoye maka ba, jikinsa bai koma yadda ka san shi ba, kuma likita bai yi mana alkawarin komai ba. Amma yana cin abinci, yana tashi da sassafe don ya duba zaren nan. Lemon zai nuna wajen watan Nuwamba. Na san shekara huɗu kana cewa sai aiki ya yi sauƙi, ban kuma taɓa matsa maka ba. Yanzu ina matsa maka. Ka je wajen shugabanka tun yau ka nemi hutu, don ni ba zan iya tsayawa gaban Ata in ce masa a tsinke lemon a sa a akwati ba.

Ka gaishe mini da Aizirek da kyau, ka ce mata na ga ɗankwalin da ta aiko, ya yi mini. Ka shafa mini kan Nurel, ka gaya masa kakansa zai nuna masa yadda ake fesa wa ganye ruwa da baki, aikin da zai dace da giɓinsa. Kubat ya aiko daga tudu yana gaishe ka, ya ce akwai tunkiyar da ya ware da sunanka. Gwaggo Kalica da su Mairam duk suna gaisuwa. Apa tana nan a kaina, ta ce in rubuta kowa lafiya lau, kuma ka riƙa sa hula. Na karanta wa Ata abin da na rubuta, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna jan zaren.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Yayarka mai jiran isowarka,
Burul.