Sai Mayu Ya Fita

Skipton,
Talata, 7 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga Mai Alfarma, Ma'ajiyar Zantukan Magabata, Sarauniyar Tuddan Keld, wadda gajimare ba ya motsi sai da izininta, wato kakata Muriel.

Bayan gaisuwa irin ta talaka a gaban mai mulki, ina fatan gwiwarki ta yi sauƙi, kaji suna ƙwai, Kawu Clive kuma ya daina zargin kare da ɓatar masa da lofe.

Ni kam daga tsakiyar musiba nake rubuto miki. Kin tuna ranar da zan taho koyon gwanjon tumaki? Rana ta fito tarwai, kika biyo ni bakin ƙofa da rigar ulun da kika saƙa mini, kina cewa, "Ɗan nema, ko tsumma ba a tuɓewa sai watan Mayu ya fita." Na gyara tsayuwa na yi miki lacca cewa zamanin kimiyya ne, rediyo ke faɗin yanayi. Kika ce, "To, sai ka yafa rediyon."

Tun Asabar ƙanƙara ke zuba. Mura ta damƙe ni, muryata ta koma ta tsohuwar agwagwa. Ga shi ranar Juma'a maigidana, Mista Metcalfe, zai miƙa mini gudumar gwanjo karo na farko, in sayar da tumaki sittin. Ya ce muddin manoman layin baya ba su ji ni ba, zan koma sharar garke har kaka.

Abin da ya fi murar ciwo shi ne kowa a garin nan ya zama ke. Misis Ogden, mai gidan da nake haya, ta ce, "Mura ciyar da ita ake yi, zazzaɓi ake bari da yunwa," ta ɗura mini romon albasa har sau uku. Na yi ƙorafin warin garke, Mista Metcalfe ya ce, "Inda kashi yake nan arziki yake, Farfesa. Ɗauki shebur." Jiya wani tsoho ya ga shanu sun kwanta, ya ce ruwa na tafe. Na shirya masa hujjoji uku cewa saniya ba ta yi karatun sararin samaniya ba. Ina cikin ta biyu ruwan ya sauko a kaina. Lemarsa kawai ya buɗe.

Ki sani, ina nan a kan bakana: shanu gajiya ke kwantar da su. Sai dai bincikena mai zurfi ya gano cewa duk mai faɗin waɗannan maganganu sanye yake da ulu, ni mai hujja kuwa haƙorana ke kaɗawa. Kantuna ma sun kwashe kayan sanyi, sun jera rigunan shan iska, don sun gaskata irina.

Saboda haka, ba don na sallama ba, sai don martabar tumaki sittin: ki aiko mini da rigar nan ta gidan waya gobe-goben nan. Da dogon wandon cikin ma. Kada Kawu Clive ya ji, kuma don girman Allah kada ki cusa wata karin magana a cikin ƙunshin. Na ƙoshi.

Jikanki mai tari cikin ladabi,
Edmund.