Kada A Taɓa Tsohuwar Kwamfutar Shanu

Ni Isufu Magagi na Filinge na rubuta wannan da hannuna. Ƙafafu sun ƙi ni, amma hankalina yana nan daram.

Ɗaya. Shago na 'ya'yana ne, Habsa da Kailu, ba a raba shi. Tsohuwar kwamfutar da na haɗa a 2010, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, tana hannun Habsa. Cikinta akwai hoto da shaidar shanun makiyaya sama da ɗari uku. In an sace saniya, nan mai ita yake zuwa a buga masa hotonta ya kai wa jandarma.

Biyu. Kada a ƙara sa mata sabon kaya, ko ƙusa ɗaya. Tana da nawa, na sani, ka ɗora shayi ka sauke kafin ta tashi. Amma ta saba da zafinmu da ɗaukewar wuta, kuma da ita kaɗai tsohuwar firintarmu take jituwa. Bara Kailu ya kawo sabon allon cikin kwamfuta daga Yamai, mai sauri ne ƙwarai, muka sa. Ya ƙi firinta, ya riƙa sandarewa da tsakar rana. A makon da muka sa shi Sambo makiyayi ya zo a guje, ya ga karsanarsa a hannun wani a kasuwar Baleyara. Muka kasa ba shi hoto har aka loda ta a mota. Sai daga baya muka mayar da tsohon allon. Har gobe abin yana ci mini rai.

Uku. Habsa, tun ranar ba ki gaida ƙanenki. Ya isa haka. Ni na ce a sa allon, laifin nawa ne.

Huɗu. Kailu, ban hana ka sabo ba, tsohuwar ma wata rana za ta bi ni. Haɗa taka daban, ka kwafe hotunan ciki. Su yi aiki kafaɗa da kafaɗa tun daga bazara har kaka. In ba ta sandare ko sau ɗaya ba, kuma Habsa ta yarda, sai ta gaji tsohuwar. Kai ka iya haɗawa, ita ta iya haƙurin gwadawa.

Ku je wurin Sambo tare, ku ɗauki hoton sauran shanunsa. Ni kunya ta hana ni.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ranar da wani makiyayi zai sake shigowa yana haki, ba zai tambayi wa ya fi gaskiya cikinku ba. Ku ba shi hotonsa.